Igiyar Baba Layi

Idan ka ga wani dattijo yana tafiya a bakin titi kansa sunkuye kamar wanda ya yar da allura, gwiwoyin wandonsa fari fat, to Baba Layi ne. Ba abin da ya ɓace masa. Duba yake ko wanda ya zana layin kwalta ya san aikinsa, kuma yawanci abin da yake gani ba ya yi masa daɗi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da filin ƙwallon ƙungiyar garinsu, wata ƙaramar ƙungiya ce ta rukuni na uku, wadda rabin 'yan wasanta sai sun rufe shago ko sun ajiye babur kafin su zo atisaye. Shi ke yanke ciyawa, shi ke ɗaura raga, shi ke korar awaki, amma layi ne ya ba shi suna. Kayan aikinsa ba su da yawa: gwangwani mai huji a gindi da yake cikawa da farar ƙasa, guduma, fegi na ƙarfe, sai kuma igiya.

A ƙuruciyarsa shi ma ɗan wasa ya so zama. Sau ɗaya tak aka saka shi, a matsayin mai tsaron baya, ya kuwa ci ƙwallo mai kyau da ka, sai dai a ragarsu. Da aka tashi, tsohon da ke kula da filin a lokacin ya kira shi gefe ya ce, "Kanka bai san gabas ba, amma na lura gudunka a miƙe yake. Zo ka riƙe mini bakin igiya." Ya riƙe, bai sake saki ba. Ranar da tsohon zai bar aiki ya danƙa masa ita a naɗe jikin katako, siririya kamar ƙaramin yatsa, da zoben ƙarfe a baki ɗaya. Ya ce mita ɗari ce cif, tsawon fili ke nan, jan ƙyallen da ke ɗaure a jikinta kuma shi ne faɗi. Baba Layi ya riƙe wannan magana kamar wasiyya. Ko da wasa ka ambata masa tef ɗin awo, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Tef ai kamfani ya yi shi. Igiyata ba ta ƙarya."

Duk ƙarshen kakar wasa yakan tuge turakun gola ya kai sito, don masu sayen tsohon ƙarfe ba su da ta ido. Ruwan sama ya zo ya wanke layi, ya cike ramuka, ciyawa ta rufe komai. In za a dawo wasa sai ya saƙala zoben a wani tsohon fegi da ke kafe kusa da tankin ruwa, ya ja igiya har inda ta ƙare, ya ce nan ne ƙarshen fili, ya haƙa sababbin ramuka. Daga nan ya naɗe abarsa ya kai gida ya rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, domin bai yarda da sito ba.

A gida mutum ne mai sauƙin kai, ba faɗa ba hayaniya, sai dai amsarsa guda ce ga kowace buƙata. Ƙofar banɗaki ta ɓalle, "Bari a gama wasa." Famfo yana ɗiga, "Bari a gama wasa." Matarsa, wadda yake kira Ummansu, tela ce mai keken ɗinki a lungun tsakar gida. Ta haifa masa 'ya'ya biyar, kuma takan ce uku daga cikinsu bai leƙa asibiti ba sai da alƙali ya busa tashi. Wasa kuwa ba ya ƙarewa. In an gama na Asabar ga na Laraba, in an gama kaka ga gyaran fili. Tun tana mita har ta bari, ta koma yin abinta da kanta, shi kuma ya ɗauka gidansa ne kawai Allah ya yi shi ba ya lalacewa.

A hankali abubuwan mamaki suka soma faruwa a filin. Golan ƙungiyar, wani mai gyaran firiji mai ɗan tumbi, da can in ya buga ƙwallo da kyar take kai tsakiya. Amma yana tsufa bugunsa yana ƙara nisa, har aka laƙaba masa Igwa. Shi da bakinsa ya ce sirrin ɗanyen ƙwai ne da safe. 'Yan wasa suka rage haki, koci ya ce tsarin atisayensa ne. A bayan ragar can mai nisa da tanki kuma wani fili ya yi ta buɗewa, har mai facin taya ya kafa rumfa, ya sa benci, daga baya ya ƙaro injin iska. Ciyaman ɗin ƙungiya, mai shagon kayan gyaran mota, ya ce albarka ce, ƙasa ma takan yalwata ga masu zumunci. Kowa ya samu abin da zai yabi kansa da shi, don haka ba wanda ya yi tambaya.

Sai aka zo shekarar kofi. Gasar cin kofin ƙasa sili ɗaya ƙwale ce, manya da ƙanana a tukunya ɗaya, wanda aka doke ya kama hanyar gida. Ƙungiyar su Baba Layi ta saba kama hanyar tun zagayen farko, har direbansu ba ya wahalar da kansa wajen kashe inji. Amma a wannan shekarar ƙuri'a ta yi ta ba su gida. A zagayen farko ma'aikatan wani banki suka zo, duk doguwar ƙwallon da suka tura gaba sai ta fita waje, suka koma da ci biyu suna zargin iska. A na biyu Igwa ya ci ƙwallo daga gaban ragarsa, ta yi tsalle ɗaya ta haye kan golan baƙi. A na uku sai da aka je fenariti, nan ma suka tsallake. Gari ya rikice. Ranar da aka haɗa zagayen 'yan goma sha shida, rediyo ya faɗa cewa zakarun ƙasa, masu doguwar motar nan mai banɗaki a ciki, su ne za su zo, kuma talabijin zai nuna wasan.

Baba Layi ya zauna a kan gwangwaninsa ya share hawaye da gefen riga. Abin da yake roƙo ke nan tun ranar da ya riƙe bakin igiya, ko sau ɗaya ne manyan 'yan wasa su taka layinsa duk ƙasa ta gani.

Saura kwana goma wasa, hukumar ƙwallo ta turo jami'i ya duba fili. Siririn mutum ne mai tabarau, ba ya dariya, yana riƙe da dogon tef a cikin baƙin gidansa mai mariƙi. Ya auna faɗi, ya gyaɗa kai. Ya auna tsawo, ya tsaya, ya goge tabarau, ya sake aunawa.

"Mita tamanin da tara," in ji shi. "Dokar kofi ɗari ce, ba ragi. Wa ya zana wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, kuma ɗari ce," in ji Baba Layi. "Tef ɗinka ne ya saki."

Jami'in ya dube shi ta saman tabarau. "Zan dawo ranar Alhamis. Abin da na tarar shi zan rubuta. In bai cika ba, a babban birni za a buga wasan."

Yana tafiya Ciyaman ya buga wa safiyo mai awon ƙasa waya, aka ce ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Shi da koci suka ɗauko ƙaramin tef na shago suka yi ta rarrafe a ciyawa, suka auna sau uku suka samu amsa uku. Ciyaman ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ransa a ɓace.

"Baba, mun gode da hidima, amma tsufa ya zo. In wasan nan ya bar garin nan, ka kawo mini makullin sito."

"Ka bar ni zuwa Alhamis, Ciyaman. A shimfiɗa igiyata kusa da tef ɗinsa a gaban kowa. In ta gaza ko da ɗan yatsa ne, da hannuna zan ba ka makulli."

Ya faɗi haka da ƙarfin hali, amma bai ƙara tsayawa a filin ba. Ya koma gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya sauke igiyar ya baje ta a tsakar gida yana bi kamu-kamu. Ummansu tana kan keke tana haɗa hannun riga.

"Ummansu, wai igiya tana tsukewa in ta sha ruwa, kamar yadi?"

"Wace igiyar?"

"Ta fili mana. Wai ta ragu da mita goma sha ɗaya."

Ta ɗaga ƙafa daga keke, ta shiga lissafi da yatsu. "Har sha ɗaya? A'a, Malam, ni dai ban taɓa yankar fiye da gaba biyu a lokaci guda ba."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Baba Layi ya nemi wuri ya zauna a bakin famfo.

"Ke kike yanka?"

"To da me kake tsammani na ɗaure ƙofar banɗaki? Na ce ka sayo igiya, ka ce bari a gama wasa. Na duba na ga wannan a rataye, ga ta da yawa kamar ba za ta ƙare ba. Kuma ta can ƙarshe nake yanka, ban taɓa wajen zoben ba, na san nan ne mai muhimmanci. In na yanka ma sai na ƙona bakin da ashana, don kada ta warware maka."

"Tun yaushe?"

"Tun da auta ta fara rarrafe, na ɗaure kujeru biyu na tare mata ƙofar kicin."

Auta kuwa a lokacin tana shekarar farko a jami'a. Ya so ya yi faɗa, har ya buɗe baki, amma ya rasa ta inda zai kama, domin ƙofar banɗakin tana nan a gabansa tsaye ƙyam, kuma ya san ba shi ya gyara ta ba.

Abin da ya cece shi shi ne Ummansu ba ta mantuwa, kuma ba ta yar da abu. Kwana biyu suka yi suna bin filin ƙwallo a cikin gida da dangi. Igiyar shanya ce aka fara kwancewa, sai mariƙin bokiti, sai wadda ta riƙe murfin fanka. Da aka zare ta ƙofar banɗaki, ƙofar ta jingina da bango kamar ta daɗe tana jiran izini. Da aka zare ta ƙafar gado, gadon ya durƙusa, sai da aka tallafe shi da bulo. Ƙanin Ummansu ya ba da tasa da kyar, wadda ta shekara shida tana riƙe masa but ɗin mota, ya tafi but na tafa masa a baya. A gidan babbar 'yarsu aka samo wadda aka ɗaure katifa da ita ranar da suka yi ƙaura, ta koma riƙe labule. Mafi tsawo ita ce ta lilon jikoki a bishiyar tsakar gida. Baba Layi ne ya hau kujera ya kwance ta, jikoki uku suna tsaye sun zuba masa ido. Da ma sun yi kuka da ya fi masa sauƙi.

Ummansu ta ajiye ɗinkin mutane ta ɗauko basilla da zare mai ƙarfi. Ta ce ba za a ƙulla ba, ƙulli yana cin tsawo, baki da baki za ta ɗinke su. Tana ɗinki tana ƙirga.

"Sha biyar na yanka, Malam. Sha huɗu ne a nan. Ɗayan ya shige mini duhu."

"Ki tuna mana."

"Ina ta tunawa. Kai ma ka taya ni, ai a gidan kake."

Bai iya taya ta ba. Sai da safiyar Alhamis ta gama ɗinkin, don haka bai samu damar kafa komai ba. Ya isa fili ya tarar da rabin gari a bakin waya, ga jami'i da tef ɗinsa, ga Ciyaman, ga mai faci ya haɗe rai don ya ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da zai samu rumfarsa. Ummansu ma ta biyo shi, karon farko a rayuwarta da ta taka filin, ta tsaya can gefe da basilla a jaka.

Baba Layi ya saƙala zobe a fegi ya fara ja, jami'i yana binsa da tef. Igiya ta wuce tsohon layi, mutane suka yi guna-guni. Ta shiga rumfar mai faci, ta bi ta ƙarƙashin benci, ta wuce injin iska, sannan ta ƙare. Jami'in ya durƙusa ya duba.

"Saura mita ɗaya da 'yan kai," in ji shi, ya cire murfin biro.

Ciyaman ya miƙa hannu yana jiran makulli. Baba Layi ya ji duniya ta yi masa duhu. Shekara talatin da ɗaya, ga inda ta ƙare, a bayan injin iskan mai faci. Ya ɗaga gefen riga ya kai hannu ƙugu, inda yake ɗaure makulli a bakin mazugin wandonsa, ya fara kwancewa.

"Malam, tsaya," in ji Ummansu. "Na tuna."

Ta matso za ta raɗa masa, sai dai ita mutum ce da ta saba magana a kan ƙarar keke, raɗarta har bakin waya aka ji ta.

"Mazugin wandonka ne. Shekara bakwai ke nan. Har yabonsa kake yi wai ba ya tsinkewa."

Baba Layi ya dubi jama'a, ya dubi tef, ya dubi biron jami'i. Kunya a gefe guda, wasan zakaru a gefe guda. Bai daɗe yana shawara ba. Ya damƙe wando da hagu, ya zare mazugi da dama, ya durƙusa ya haɗa shi da bakin igiya. Jami'in ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ɗari cif," ya ce. Ya sake dubawa kamar an yi masa rashin kunya. "Ko ɗigo babu."

"Ai na faɗa maka, ranka ya daɗe. Ba ta ƙarya."

Aka ɗauki shewa da tafi. Saura a kafa fegi, amma guduma tana son hannu biyu, shi kuma ɗaya yana bakin aiki. Ummansu ta karɓi gudumar, ta buga sau uku fegi ya nutse, ta miƙa wa Ciyaman ita tunda da ma hannunsa a miƙe yake.

Ranar wasa zakaru suka zo da motarsu mai banɗaki, talabijin ya kafa na'urori uku. Layi ya fito fari tas, a miƙe kamar an ja da rula. Igwa ya sha ɗanyen ƙwai huɗu, ya yi bugun farko, ƙwallo ta faɗi tun kafin tsakiya, ya tsaya yana duba takalminsa. Ɗan wasan gaban su Igwa ya samu dama ɗaya tak, ya yanke mutum biyu ya fita da gudu, yana isa daidai inda gola take a da ya rufe ido ya narka, ƙwallo ta gangara a hankali ta isa hannun golan zakaru. A hutun rabin lokaci kyaftin ya zo bakin layi yana haki ya ce, "Baba, don Allah filin nan har ina ya tafi?" Aka tashi uku ba ko ɗaya. Kofi ya ƙare musu a nan, amma ba wanda ya ji kunya, kuma masu kallo a gida sun ce mai sharhi ya faɗa har sau biyu cewa bai taɓa ganin layi mai kyan wannan ba a ƙaramin fili.

Baba Layi ya ga abin da ya roƙa. Ya ga takalman da ake nunawa a jarida suna taka farar ƙasarsa, ya ji daɗi har cikin ransa. Sai dai tun da aka dawo hutu hankalinsa ya rabu biyu. Igiyar tana naɗe a cinyarsa, yatsunsa suna bin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, kuma yanzu ya san kowanne. Wannan ƙafar gado ce, wannan bokiti, wannan doguwar lilo. Duk lokacin da ya ce bari a gama wasa, ga shaidarsa nan an ɗinke da zare. Tausayin matarsa ya kama shi, kunyar kansa kuma ta fi ta ranar mazugi.

Tun da ya fara aiki bai taɓa barin fili ba sai ya sauke raga. Ranar, alƙali na busa tashi ya miƙe ya bar ragar a rataye, ya ratsa ta cikin masu neman hoto da zakaru, ya nufi kasuwa kafin a rufe shaguna. Ya shiga gida da sabuwar igiya a kafaɗa, rana ba ta faɗi ba. Bai ko sha ruwa ba ya jawo kujera gindin bishiya, jikoki suka taru.

Ummansu ta ɗaga ƙafa daga keke. "Malam, lafiya? Ragar fa?"

"An gama wasa," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta taso ta zo ta ja ƙullin da ya yi wa lilon, ya kwance a hannunta kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Ta girgiza kai.

"Sauko, kada ka kayar mini da jikoki. Zo ka riƙe mini bakin."

Ya sauko ya riƙe.